Muryar WhatsApp: Daga ina sunan Esposito ya samo asali?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na ji tambayar da ka jefo jiya da daddare bayan wasan Inter, a kan yaron nan ɗan ƙwallon Italiya, Pio Esposito, wai sunan nasu na gari ne ko na sana'a, kamar yadda Ferrari ya samo asali daga maƙera. To, ba ko ɗaya ba ne, kuma wallahi duk sanda na tuna labarin sai jikina ya yi sanyi.

Kalmar ta tsohon harshen Rumawa ce, Latin, expositus. "Ex" waje ke nan, "positus" kuma wanda aka ajiye. Wanda aka ajiye a waje. Da Latin ya rikiɗe ya zama Italiyanci sai "x" ɗin ya koma "s", ƙarshen "us" ya koma "o", yadda Marcus ya zama Marco. Mutanen Sifen ma suna da nasu, Expósito.

To wa ake ajiyewa a waje? Jarirai. A birnin Napoli akwai gidan rainon marayu na cocin Annunziata. A jikin bangon an huda wata 'yar taga, aka sa akwatin katako mai juyawa kamar ganga, suna ce masa ruota. Uwa za ta zo cikin dare, ta kwantar da jaririnta a ciki, ta juya, ya koma hannun masu raino, babu wanda ya ga fuskarta. Wata kafin ta juya sai ta rataya masa rabin kwabo a wuya, ta riƙe ɗaya rabin, ko Allah zai hore mata wata rana ta dawo a haɗa. Da safe magatakarda ya buɗe littafi ya rubuta: esposito. Shi ke nan, yaro ya samu sunan da jikokinsa za su gada.

Don Allah kar wani ya ce ai duk 'yan gaba da Fatiha ne. A'a. Da yawa da aurensu aka haife su, talauci ne ya kai iyaye bango, ko uwar ta rasu wurin haihuwa.

Kowane gari da nasa: a Roma Proietti, a Firenze Innocenti, wato marasa laifi, a Sisili Trovato, tsintacce, a Milan kuwa Colombo, wato kurciya, saboda kurciyar da ke jikin tambarin asibitinsu.

A 1811 sarkin Napoli, Murat, mijin ƙanwar Napoleon, ya hana a ƙara laƙaba wa yaran wannan suna, saboda sunan ya riga ya zama tabon da ke bin mutum har kabari. Tagar kuma sai 1875 aka toshe ta. Amma kafin nan zuri'a ta riga ta yaɗu, har yau babu sunan da ya kai shi yawa a Napoli. Shi Pio da yayyensa biyu, Salvatore da Sebastiano, 'yan Castellammare di Stabia ne, nan gefen Napoli.