Amsa ga ɗalibar jinya da ƙawarta ke yi wa kanta allurar penta

Ƙanwata, kin tambaya ko ki kai ƙarar ƙawarki da kika gani tana yi wa kanta allurar penta (wato pentazocine, maganin kashe zafin ciwo) a ɗakin kwananku, ko ki rufa mata asiri. Na daɗe a aikin jinya, kuma wallahi ba ita ce ta farko ba.

Yawancinsu ba don holewa suke farawa ba. Ciwon mara ne lokacin al'ada, ko sikila, ko ciwon baya bayan aikin dare a jere. Likita ya rubuta sau ɗaya, aka ji sauƙi, sai mutum ya ce ai na san awon, me zai kai ni layin ganin likita? Wannan "na sani" ɗin ita ke cin ma'aikatan lafiya. Pentazocine dangin su morphine ce, jiki yana sabawa da ita, awon jiya ba ya isa yau. Ga gyambo a cinya da ƙi warkewa, naman wurin ya taurare har tafiya ta gagara. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 hankalin jama'a ya tafi kan matasan unguwa, aka manta da masu riƙe da makullin kabad ɗin magani a asibiti.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar da kuɗinta zai ƙare. Daga nan sai a fara rubuta wa majiyyaci "an ba shi" a littafin DDA (inda ake rubuta magunguna masu haɗari da aka bayar), alhali ruwa aka tsira masa, yana ta nishi bayan tiyata. In aka kama ta a wannan matakin, magana ta koma ta hukumar NMCN mai kula da aikin jinya da ungozoma, da batun lasisi, wataƙila har NDLEA.

Don haka kada ki yi shiru, amma kada ki kai ta gaban 'yan aji. Ki same ta ku biyu, ki faɗa mata abin da idonki ya gani, ba wa'azi. Za ta musa, kusan duk suna musawa. Sai ki nemi malama ɗaya mai riƙon amana, a haɗa da wani babba a gidansu, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Kuma ki tabbatar likita ya san ko tana haɗawa da tramadol ko diazepam, domin yanke diazepam lokaci guda yana iya jawo jijjiga.