Amsa ga 'yata kan koya wa yara tunawa da sojoji

'Yata, saƙonki ya iso. Kina tambaya ko ya dace ki yi wa yaranki, ɗan shekara biyar da 'yar shekara bakwai, bayanin ranar tunawa da sojoji tun yanzu. Ya dace, amma da ma'auni.

Ke ki fara sanin ranar. A da 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashe rainon Ingila, daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970. Kafin ranar ana addu'o'i a masallatan Juma'a da coci-coci, ran nan kuma shugabanni su ajiye furanni, a saki fararen tantabaru.

Ƙaramin yaro ba ya riƙe "sojojin da suka rasu" a dunƙule, mutum ɗaya yake riƙewa. Ki zaɓi wani daga dangi ko unguwa. Ki nuna hotonsa, in akwai lambar yabonsa ki sa musu a tafin hannu su ji nauyinta, ki faɗi sunansa da garinsu da inda aka kai shi. In ɗan yaƙin Bama ne, wato na lokacin yaƙin duniya na biyu, ki ce jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Indiya, suka shiga dazukan Bama suka gwabza da Japan, kuma da Hausa ake ba su umarni. Sunan barikin Chindit na Zariya ma daga wannan yaƙin ya samo asali. Minti biyar ya isa, in kika zarce hankalinsu ya tafi. Sai ku yi masa addu'a tare, ki ba kowannensu kwanon abinci ya kai da hannunsa gidan wata matar soja da ke riƙe da marayu.

Kada ki nuna musu bidiyon gawarwaki a waya, firgitar dare kawai za ki jawo musu. Maganar basasa kuwa, ki kiyayi cewa "mun ci su da yaƙi". Yaro zai kwashe ta ya kai makaranta, ya faɗa wa ɗan Ibo da suke zama benci ɗaya. Ki ce musu 'yan ƙasa ɗaya ne suka yi faɗa, kowane ɓangare ya yi rashi, yunwa kuma ta kashe yara masu yawa.

Ki kuma ja musu kunne game da yaran da mahaifinsu bai dawo daga Borno ba, kada su riƙa tambayarsu yadda ya rasu. Ki gaishe min da maigidan.