Me Ya Sa Bakin Wuƙa Ke Ɓantarewa, Tukunya Kuwa Sai Lotsawa?

Tambaya: Malam, wuƙa da tukunya duk an ce da ƙarfe mara tsatsa aka ƙera su, amma idan tukunya ta faɗi lotsawa take yi, ita kuwa wuƙa da ta ci karo da ƙashi sai bakinta ya ɓantare. Shin ɗayarsu jabu ce?

Amsa: Malam, babu jabu a cikinsu, bambancin yana ga sinadaran da aka gauraya da ƙarfen tun yana narkakke. Abin da ya haɗa su shi ne kuromiyam, wanda dole ya kai kashi 10.5 cikin ɗari kafin ƙarfe ya cancanci wannan suna, domin shi ke haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata da ke tare tsatsa.

Wuƙa tana buƙatar tauri don kada ta dakushe da wuri, shi ya sa ake ƙara mata kabon, wanda a nau'in ƙarfen wuƙa mai lamba 440C yake kaiwa kusan kashi 1 cikin ɗari, sannan a gasa ƙarfen a sanyaya shi da gaggawa. Taurin da aka samu ta wannan hanya yana zuwa da gautsi, saboda ƙwayoyin ƙarfen sun ƙulle ba sa iya zamewa a kan juna, don haka idan bugu ya fi ƙarfinsu sai su tsage.

Tukunya kuwa galibi nau'in 304 ce, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kuma nikel ɗin ne ke sauya tsarin ƙwayoyin ta yadda za su zame su shanye bugu. Juriyar wannan nau'i ba ta gushewa ko a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, inda nau'in 430, wanda kusan babu nikel a cikinsa, yake yin gautsi tun kafin a kai nan.

A ganina, inda aka fi yin asara shi ne wajen zafi, domin shi kansa kuromiyam yana iya zama matsala. Ƙarfe mai yawan kuromiyam da ƙarancin nikel yakan yi gautsi idan ya daɗe a kusan digiri 475, kuma tsakanin digiri 600 da 900 wani tsari mai gautsi mai suna sigma yakan fito, wanda molibdenam, wani sinadari da ake ƙara wa wasu nau'o'in ƙarfen, ke hanzarta shi. A lokacin walda ma kabon yakan janye kuromiyam zuwa iyakokin ƙwayoyin, sai gefen waldar ya fara ciwuwa daga baya, dalilin da ya sa ake zaɓar 304L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba, ko 321, wanda aka sa masa taitaniyam don ya riga kuromiyam kama kabon ɗin.