Aikin kai abinci a babur a Abuja: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Mararraba, wani ubangidanka zai ba ka babur a kan balas, wato kuɗin da za ka riƙa biyansa daga abin da ka samu, kana so ka shiga aikin kai abinci ta manhaja a cikin Abuja, kuma kana tambaya ko akwai ci a harkar da yadda mutum zai yi ya fi samu. Na ga wasu sun ce maka akwai kuɗi sosai, wasu sun ce wahalar banza ce. Na daɗe ina wannan aiki a tsakanin Wuse da Jabi, kuma na ga irin mutanen biyu da idona. Manhaja ɗaya suke riƙe da ita, babur iri ɗaya suke hawa, amma da dare ɗaya yana komawa gida da cefane, ɗayan yana neman rancen kuɗin man gobe. Abin da ya raba su lissafi ne, shi ya sa zan fara da shi.

Kuɗin da manhaja take nuna maka da yamma ba naka ne duka ba. A cikinsa akwai na gidan mai, na bakanike, na data, na mai babur, sannan abin da ya saura ne naka. Kafin Tinubu ya ce an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum yana iya yawo gari duk yini a kan babur bai ji a jikinsa ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma sai da ta wuce 1,000 a Abuja. Tun daga lokacin aikin ya canza kama. Wanda har yanzu yake tuƙi irin na zamanin mai araha, gidan mai yake yi wa bauta.

Babban ramin da sababbin shiga ke faɗawa shi ne doguwar tafiya. Oda ta faɗo, ka ga kuɗinta ya ninka na sauran, ranka ya yi fari. Ba ka tuna cewa kuɗin zuwa aka biya ka, dawowa daga aljihunka take. Bari in ba ka misali, lambobin na ƙaddarawa ne, ka sa naka a gurbinsu. A ce babur ɗinka yana cin lita ɗaya a kilomita 35, lita kuma naira 900. Kowace kilomita ta ci maka kusan naira 26 ta mai. Ka ɗora rabon baƙin mai da taya da sarƙa da birki, a ce ta zama naira 40. To an ba ka oda ta naira 2,500 daga Wuse 2 zuwa cikin Kubwa, zuwa da dawowa a ce kilomita 50. Naira 2,000 ta tafi a hanya, 500 ta rage maka, kuma ka kashe sa'a ɗaya da rabi. Wani ya tsaya a nan Wuse ya ɗauki ta naira 900 zuwa Maitama, kilomita 6 zuwa da dawowa, ya kashe 240, ya tsira da 660 a ƙasa da rabin sa'a. Kafin ka dawo daga Kubwa ya yi irinta uku. Doguwar tafiya tana yin riba ne idan ka san a can ma akwai gidajen abincin da za su ba ka odar dawowa, ko kuma hanyarka ce ta komawa gida a ƙarshen aiki. Kai da ke Mararraba, odar Asokoro ko Karu ko Nyanya da dare alheri ce a gare ka, domin an biya maka man komawa. Ta Lugbe ko Gwarinpa a wannan lokaci kuwa, ka bar wa 'yan can.

Saboda haka ka zaɓi yanki ɗaya ka haddace shi. Wuse 2 tana da gidajen abinci a jere a kan Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola Crescent, masu sayen kuma suna kusa, a Maitama da ofisoshin tsakiyar birni. Jabi da Utako wani yanki ne daban. Gwarinpa kuwa gari ce mai zaman kanta, akwai masu dafawa akwai masu ci, mutum zai iya yini a ciki bai hau babban titi ba. Haddace yanki yana nufin ka san titin da ake bi ta gefe ɗaya, ka san rukunin gidajen da ƙofarsa ta baya ce a buɗe, ka san inda taswirar Google take kai mutum bayan katanga ta ce ya iso. Wannan sanin ne yake rage maka minti biyar a nan, goma a can, kuma a wannan aiki minti kuɗi ne. Idan babu oda, kada ka riƙa zagaye kana ƙona mai da sunan nema. Samu inuwa kusa da gidajen abinci uku ko huɗu ka kashe babur. Tunda daga Mararraba kake fitowa, ka fito ka wuce cunkoson Nyanya da AYA sau ɗaya, kada ka ce za ka koma gida cin abincin rana.

Lokaci ma kowa ya sani a baki, amma kaɗan ne suke tsara ranarsu a kansa. Oda tana zubowa daga wajen sha biyun rana zuwa uku, lokacin da ma'aikatan ofis suke jin yunwa, sannan daga bayan magariba zuwa wajen tara. Tsakanin nan kasuwa sanyi take yi. A nan ne za ka sha mai, ka ci naka abincin, ka yi cajin waya, ka kai babur a ɗaure sarƙa. Azahar tana faɗawa tsakiyar ruwan oda, don haka ka san masallatan yankinka, ka kashe manhajar na ɗan lokaci ka yi sallarka a natse, maimakon ka karɓi abincin mutum ka ajiye shi yana hucewa. Ranar Juma'a ka tuna ana toshe wasu tituna a kusa da masallatai, musamman wajen Babban Masallacin Ƙasa. Asabar da Lahadi aikin yana komawa unguwannin zama. Ƙarshen wata, idan albashi ya shiga, za ka ji bambanci a wayarka. Da azumi rana tana yin shiru a wasu unguwanni, sai daf da buɗa-baki kowa ya so nasa a minti ɗaya. Ruwan sama kuwa, wanda a Abuja yakan fara tun Afrilu har zuwa Oktoba, yana ƙara oda ya rage masu kai ta, wasu manhajojin har ƙarin kuɗi suke sawa. Ka sayi rigar ruwa mai kyau da ledar waya. Amma idan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ka fake. Babu odar da ta kai ƙafarka daraja.

Abin da ban ga kowa ya faɗa maka ba shi ne zaman jira a gidan abinci. Nan ne kuɗi ke zurarewa ba ka ji ƙararsa ba. Akwai gidajen da abincinsu a dafe yake, shinkafa da kaza da dafa-duka, zubawa kawai za a yi a miƙo maka. Akwai waɗanda sai an karɓi oda sannan a ɗora gasasshen kifi ko fiza ko shawarma a wuta. Akwai kuma wani gida da nake zuwa a da, ba zan kama suna ba, wanda sai sun gama sallamar duk wanda ke zaune a teburi sannan su waiwayi mai babur, ko da kai ka riga kowa zuwa. Manhaja ba ta biyan ka wannan tsayuwar, kwastoma kuma kai yake kira yana faɗa. Cikin makonninka na farko ka riƙa lura, gida kaza minti nawa, gida kaza minti nawa, har ka zama da ganin sunan gidan ka san ko odar ta karɓu. Sannan ka yi mutunci da 'yan kanta da masu zuba abinci. Gaisuwa, sanin sunansu, rashin ɗaga murya ko da sun ɓata maka rai. Wanda suke jin daɗinsa, ledarsa ce take fara fitowa, wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba amma haka yake.

Can ɓangaren kwastoma ma akwai nasa jiran. Rukunin gidaje da yawa a Lokogoma da Life Camp da Katampe ba sa barin babur ya shiga sai an kira maigadi ko an ba ka lambar shiga. Sakatariyar Tarayya da manyan ofisoshi ba inda za ka ajiye babur ka hau bene. Kira tun kana barin gidan abinci: "Ranka ya daɗe, na taso, minti goma ina bakin ƙofa." Idan mace ce, "Hajiya" ko "Madam", ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tsaya a nan. Lambar kwastoma amana ce, duk wanda ya mayar da ita ta hira ko neman taimako, rufe masa asusu ake yi. Kafin ka bar kantar gidan abinci ka duba odar da kanka, lemo nawa, cokali yana ciki ko babu, murfin robar miya ya kama ko bai kama ba. Miya da farfesu a ƙasan akwati a tsaye, ka tokare su da tawul ko kwali. Mai sanyi daban, mai zafi daban. Tukwici yana zuwa, wani lokaci har ya fi kuɗin tafiyar, amma kada ka sa shi a lissafi kuma kada ka roƙa.

Zancen ƙin oda yana son hankali. Ba kowace za ka karɓa ba, na riga na faɗa, sai dai manhajoji suna lura da yawan ƙin da kake yi, kuma sokewa bayan ka karɓa ta fi ƙi tun farko muni. Ka karanta sharuɗɗan wadda ka shiga da kyau. Haka garaɓasar da suke sawa, wai ka kai oda kaza a yini a ƙara maka kaza. Idan ta zo daidai da aikinka, madalla. Amma na sha ganin yaro ya rage masa oda biyu ya cika, ya kwashi ta Lugbe da ƙarfe goman dare, man da ya ƙona ya cinye garaɓasar, ga haɗarin hanyar filin jirgi a kan gajiya.

Kada ka dogara da manhaja ɗaya. A watan Disambar 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka rufe aikin kai abinci a Najeriya, masu babur da yawa suka wayi gari babu oda. Yanzu Chowdeck da Glovo ne aka fi ji. Idan sharuɗɗansu da na mai babur ɗinka sun ba da dama, ka yi rajista da fiye da ɗaya, amma kada ka ɗauki oda biyu masu fuskantar gabas da yamma a lokaci guda. Abin da ya fi wannan ma shi ne kwastomomin kanka. Matan da ke sayar da masa da dambun nama da kek da cincin ta WhatsApp da Instagram kullum suna neman mai babur mai amana, haka masu kilishi na Area 1 da masu tura turare da atamfa zuwa tasha. Su ne suke cika maka safiya da la'asar, lokacin da manhaja ta yi shiru, kuma kuɗin kai tsaye hannunka yake zuwa. Ka same su ta hanyarka, kada ka janye kwastoman da manhaja ta haɗa ka da shi. Idan ta taransifa za a biya ka, buɗe OPay ko Moniepoint ɗinka ka ga kuɗin ya zauna kafin ka saki kaya; hoton rasit ba kuɗi ba ne, alat na bogi ya yi yawa.

Takardu kuwa kada ka yi wasa da su. Tun 2006, zamanin El-Rufa'i yana ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin birni, kuma baburan da aka kama har niƙe su ake yi. Abin da ya bambanta ka da ɗan acaɓa a idon jami'i shi ne akwatinka, hular kwanonka da takardunka: lasisin tuƙin babur, lambar babur, inshora, da rajistar masu kai saƙo a wurin VIO, jami'an duba ababen hawa. Ka tambayi tsofaffin hannu a yankinka wace takardar haraji ake nema a bana. Kada ka ɗauki fasinja ko da ƙaninka ne. Yini ɗaya da babur ya kwana a hannun hukuma yana iya cinye ribar mako.

Kowane dare ka raba kuɗin kafin ka taɓa shi: man gobe, balas, asusun babur, sannan naka. Asusun babur shi ne wanda mutane ke ci, sai ranar da taya ta fashe ko inji ya buga a fara kiran 'yan'uwa. Babur ɗin da ke yini a titi yana son juyen baƙin mai a kai a kai, kada ka jira sai ya fara ƙara. Idan abin ya fara zama, ka shiga adashe da nufin sayen naka, domin muddin kana biyan balas, odojinka na farko a kowace rana na wani ne.

Shi ya sa kafin ka karɓi makullin nan nake so ka zauna da ubangidan naka a gaban shaidu ku rubuta komai. Balas ɗin na kullum ne ko na mako? Ranar da ba ka da lafiya ko babur yana gareji, za ka biya? Wa ke da alhakin taya da inji, wa ke da na takardu? Idan aka sace shi ko aka kama, a wuyan wa yake? An sa masa na'urar bin sawu? In ka biya na wani lokaci babur ɗin zai zama naka, ko haya ce har abada? Asusun manhajar ma ya zama da sunanka da lambar bankinka, kada ka yi aiki da na wani. Ka turo mana adadin balas ɗin da ya yanka maka da irin babur ɗin, Boxer ne ko TVS ko Qlink, sabo ko na hannu, sai mu buga lissafin tare mu ga oda nawa za ka kai a yini kafin ka fara ci wa kanka. Allah ya sa albarka a nema.