Ina gudu, ina da keke, na iya iyon rafi: zan iya shiga gasar tirayatlon?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Bolari cikin garin Gombe, shekaruna 31. Kusan kullum bayan sallar asuba nakan yi gudun kilomita biyar, kuma da keke nake zuwa aiki. Iyo kuwa tun ina yaro na koya a rafin ƙauyenmu. Na ga bidiyon gasar tirayatlon a waya, wadda ake haɗa iyo da tuƙin keke da gudu a jere, raina ya biya. Shin wanda ba ƙwararre ba kamata zai iya shiga? Kuma zan iya yin atisayen iyon a dam ɗin Dadin Kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Mafi yawan masu shiga irin wannan gasa a duniya ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, ana kasa su rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, biyar-biyar, kai ka faɗa rukunin 'yan 30 zuwa 34. Wasan ma daga hannun irin waɗannan mutane ya fito, domin wata ƙungiyar masu gudu ce ta fara shirya shi a San Diyego ta Amurka a 1974, bai shiga Olamfik ba sai a Sidni a 2000.

Bidiyon da ka gani wataƙila na Ironman ne, wanda aka fara a Hawai a 1978: iyon kilomita 3.8, tuƙin keke na kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2. Ka ajiye wannan a gefe tukuna. Zangon Olamfik kilomita 1.5 ne a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Naka shi ne rabin wannan, wato gajeren zango: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Sabon shiga yakan gama shi tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu, kuma agogo ba ya tsayawa daga lokacin da ka faɗa ruwa har ka taka layin ƙarshe.

Cikin abubuwa ukun da ka lissafa, wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba shi ne ya fi damuna. Iyon rafi iyo ne na gaske, ban raina shi ba, amma an gina shi ne a kan ƙetare ruwa na mita ashirin ko talatin da ƙarfin tsiya, kai a sama, numfashi a riƙe. Da ka ɗaga kai sai ƙugu da ƙafafu su nutse, ka koma jan jikinka a karkace, ƙarfin da ya kamata ya kai ka gaba ya ƙare wajen hana ka nitsewa. Na sha ganin samari masu ƙarfin gudu, waɗanda kilomita goma ba ta sa su haki, sun kama gefen wurin ninƙaya bayan mita hamsin idanu jajawur. Huhunsu lafiya lau yake, yadda suke numfashi ne ya ci su. Mita 750 kuwa tsawon wurin ninƙaya mai mita 25 ne sau 30, ba tare da ka dafa ƙasa ba.

Don haka wata biyun farko ka ba wa ruwa su. Ka sayi tabarau na iyo, ba shi da tsada. Ka tsaya inda ruwa ya kai maka ƙirji, ka sa fuska ciki, ka riƙa fitar da iska ta hanci da baki a hankali har sai ta ƙare, sannan ka juya kai gefe ka shaƙa, kunne ɗaya yana cikin ruwa. Abin zai yi maka kama da wasan yara, amma a nan duk sirrin yake: a cikin ruwa ake fitar da iska, a waje shaƙa kawai ake yi. Idan wannan ya zauna, sai ka fara tsawo ɗaya ka huta, biyu ka huta, kana ƙarawa mako-mako. Sau uku a mako na minti talatin ya fi sau ɗaya na awa biyu. Wasu otal-otal a cikin Gombe suna da wurin ninƙaya, sai dai galibinsu ba su kai mita 25 ba, saboda haka ka auna tsawon da kanka ka yi lissafi, kuma ka je lokacin da akwai mai tsaron wurin.

Batun Dadin Kowa kuwa, amsata a'a ce a yanzu, kuma kai kaɗai a'a ce har abada. Ruwan dam ba ka ganin ƙasansa, babu bangon da za ka kama, akwai kalli da ragar masunta da kututturan itace a ƙarƙashi. Akwai dorinai a ruwan, manoma da masuntan yankin sun san ɓarnarsu. Akwai kuma tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗin da ke zaune a ruwan da ba ya gudu sosai, ta shiga ta fata ba sai ka sha ruwan ba. Tunda a rafi ka tashi, idan ka taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari ka je asibiti a gwada ka, maganinta praziquantel ne, kuma yana aiki. Ka sani cewa mafi yawan rasuwar da ake samu a gasar tirayatlon a ɓangaren iyo take faruwa, shi ya sa nake nanata maka wannan. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Duk da haka gasa da yawa a buɗaɗɗen ruwa ake yin su, dole wata rana ka saba da shi. Idan ka kai matsayin yin mita 1,000 a wurin ninƙaya ba tsayawa, sai ka nemi masunta ko sarkin ruwan wurin da ka zaɓa su nuna maka inda yake da aminci, kwalekwale ya bi ka kusa da kusa da rigar hana nitsewa a ciki, ka bi gefen gaɓa maimakon nufar tsakiya. A nan za ka koyi ɗaga ido bayan kowane jan hannu shida zuwa goma don ka ga inda ka nufa, in ba haka ba za ka yi ta karkacewa. Idan tsoro ya kama ka ranar gasa, ka kwanta rigingine ka yi numfashi. Dokar gasa ta yarda ka kama kwalekwalen da ke tsaye ka huta, muddin bai ja ka gaba ba.

Idan kuɗin wurin ninƙaya ya gagara, kada ka fasa wasan. Akwai duwatlon, wanda babu ruwa a ciki: gudun kilomita 5, keke kilomita 20, sannan gudun kilomita 2.5. Da shi zan so ka fara ma.

Kekenka na zuwa aiki ya isa gasar farko, ko da Phoenix ne mara giya. A kai shi wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa da tayoyi, a ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai idan feda ya kai ƙasa. Hular kwano tilas ce, kuma sai ka ɗaure ta kafin ka cire keken daga inda aka rataye shi. A yawancin gasar 'yan koyo an hana ka manne wa bayan wani don ya kare maka iska, ana son tazarar mita 10 zuwa 12. Ka koyi yin faci da hannunka. Manyan hanyoyin da suka fita daga Gombe zuwa Bauchi da Biu da Yola cike suke da tireloli, don haka ka fita da sassafe da riga mai haske, tare da abokin tafiya.

Abin da ba wanda ke gaya wa sabon shiga shi ne yadda ƙafa ke komawa idan aka sauka daga keke aka fara gudu. Sai ka ji kamar an ɗaura maka buhun gero a kowace cinya, domin tsokokin sun saba da juyawa, yanzu kuma an ce su ɗauki nauyin jiki. Kilomita biyar ɗin da kake yi da asuba da jiki a huce daban ce da wadda za ka yi bayan awa guda kana aiki. Maganinsa shi ne sau ɗaya a mako ka sauka daga keke ka yi gudun minti goma nan take, da gajerun taku. Bayan makonni kaɗan nauyin zai riƙa sakin ka da wuri.

Sai zafinmu. A Maris da Afrilu Gombe takan kai digiri 40, atisaye mai nauyi a lokacin bai kamata ya wuce ƙarfe takwas na safe ba. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta ruwa da za ka mayar. Idan fitar za ta wuce awa guda, ka ɗauki ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, da 'yan dabino a aljihu. Da azumi ka rage nauyin aikin, ka mayar da mai wuyar bayan shan ruwa. Kafin ka fara duk wannan a auna maka hawan jini, ka kuma san nau'in jininka, wato ko AA ne ko AS. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, yana iya yin wasan, amma zafi da ƙishirwa da matsa jiki fiye da kima suna iya kayar da shi farat ɗaya, saboda haka ya sanar da likita, ya riƙa ƙara nauyi a hankali, ya tsaya da zarar ya ji rauni ko ciwon tsoka da bai saba ji ba.

Ka riƙa leƙa ofishin hukumar wasanni ta jiha don jin sanarwar gasa. Kafin nan, bayan wata huɗu na atisaye, ka tara abokai uku ko huɗu wata Asabar ku yi gwajinku: mita 400 a wurin ninƙaya, kilomita 10 a keke, kilomita 2.5 a ƙafa, mutum ɗaya yana riƙe da agogo da ruwan sha. Ka rubuta lokacin kowane ɓangare, har da mintunan da ka ɓata wajen sa takalmi, ka aiko mini da su mu duba tare.