Daga ina sabuwar fata take fitowa idan rauni ya warke?

Tambaya: Ni mahauci ne a Agege. Wuƙa ta yanke ni a yatsa, cikin mako biyu wurin ya haɗe. Daga ina sabuwar fatar ta fito?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Fatarka ce ta haifi 'yar'uwarta. Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Da wuƙa ta ratsa, sai ƙwayoyin da ke bakin raunin suka shiga rabuwa, ɗaya ta koma biyu, biyu su koma huɗu, suna matsowa har suka rufe wurin. Wannan rabuwa ita ake kira maitosis, sunan da Bajamushe Walther Flemming ya raɗa mata a 1882.

Abin da ya fi burge ni shi ne adalcin rabon. A cibiyar ƙwayar akwai kuromosom 46, masu ɗauke da DNA, wato bayanin ginin jikinka. Kafin ta rabu, sai ta kwafi kowane ɗaya, ya zama tagwaye manne da juna. Sannan su dunƙule su yi kauri, su yi sahu ɗaya a tsakiya. Wasu siraran zaruruwa daga ɓangarori biyu su kama su, su ja, tagwai ɗaya ya yi nan, ɗaya ya yi can. Ƙwayar ba ta yarda a fara ja sai kowane kuromosom ya kamu da zare. Daga nan ta tsuke a tsakiya kamar an ɗaure bakin buhu, ta tsinke. Kowace ta tashi da 46 cif. Ban da kwafin, duk wannan kusan awa ɗaya yake ɗauka.

Ko ba rauni aikin ba ya tsayawa, domin fatar cikin hanji ma tana sabuntuwa cikin 'yan kwanaki. Idan kuma birkin rabuwar ya lalace, ƙwayoyi suka yi ta yaɗuwa ba ƙaƙƙautawa, nan ne tushen ciwon daji.

In kana da yaro a sakandare, sayo masa albasa a kasuwar Mile 12, ya ɗora ta a bakin kofi, gindinta na taɓa ruwa. Bayan 'yan kwanaki fararen saiwoyi za su fito, ƙwayoyinsu ma suna irin wannan rabuwar. Malaminsu zai yanki ƙarshen saiwar, ya rina, ya sa a na'urar ƙara girman abu, yaron ya ga kuromosom a sahu da idonsa.