Sif ɗinmu mai ƙofa biyu ya cika, ɗakin kuma ba zai ɗauki wani ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ciki da falo muke haya ni da maigidana, sif ɗinmu kuwa mai ƙofa biyu ne. Kayan lefena da kayansa duk a ciki suke, har ƙofar ba ta rufuwa sosai. Yaya zan yi ya ishe mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mu da ke sana'ar kafinta, idan aka kira mu kan irin wannan, sau da yawa mukan tarar sif ɗin bai cika ba, tsarin cikinsa ne bai dace da kayanmu ba. Yawanci ana yin sa da sandar rataya guda a sama da fili zululu a ƙasa, tsarin masu sa kwat. Mu kuwa atamfa, leshi, zani da ɗankwali duk kayan ninkewa ne.

Ki ɗauko tef ki auna. Sif mai tsayin ƙafa 6 yana da inci 72. Rigar maigida ta 'yar shara ko shat ba ta cin fiye da inci 40 idan an rataye ta, saura kusan inci 30 a ƙasa babu abin da ke zaune sai iska, ko tarin kayan da aka cusa. A nan ne riba take. Ki sa kafinta ya raba sif ɗin gida biyu. Ɓangare ɗaya a bar shi dogo, kamar inci 60, don abaya, jallabiya da kaftani. Ɗaya ɓangaren a jera masa kantoci, tazarar inci 10 zuwa 12 tsakaninsu. Kada ki yarda a yi tazarar ta wuce haka: kaya idan suka yi tsiri, kina zaro na ƙasa sauran za su rufto. Ki kuma roƙe shi ya yi da filawud mai kauri, domin katakon nan na garin itace da aka matse yana lanƙwashewa da nauyin leshi, kuma da ya sha danshi sai ya kumbura.

Babbar riga mai sitati ba ta son hanga, kafaɗarta takan lalace. Yadda mai guga ya ninke ta, haka za a shimfiɗa ta a kantar sama, hulunan kuma a cusa wata cikin wata a gefenta.

Yanzu maganar da amare ba su cika so ba. Turamen atamfa da shaddar da ba a ɗinka ba, ba wurinsu ba ne sif. Turmi guda yadi 6 ne, goma daga cikinsu sun cinye kanta sukutum. Akwatunan lefen da ke jibge a kan sif babu komai ciki, ai don wannan aka yi su. A mayar da su can, tare da bargo da rigunan sanyi har hunturu ya zagayo.

Bayan ƙofa ma wuri ne. Ƙugiyoyi huɗu ko biyar sun isa mayafai da hijabai, muddin ba a yi musu nauyin da zai ja hinjin ƙofar ba. Takalma kuwa su fita gaba ɗaya.

Da damina ki matso da sif ɗin kamar inci 2 daga bango, ki riƙa buɗe shi yana shan iska, kuma kada kaya su shiga sai sun bushe ƙayau, in ba haka ba funfuna za ta kama su. Kafur yana korar asu da kyankyaso, amma ki ɗaure shi a ƙyalle can sama inda yara ba sa kaiwa. Idan Allah ya kawo ƙaruwa, kada kayan jariri su haɗu da shi ko kaɗan, domin likitoci sun tabbatar yana jawo wa wasu jarirai ciwon shawara.